"Ai Cewa Kuka Yi Nawa Ne": Yadda Kalma Ɗaya Ta Jawo wa Wani Shagon Ɗinki Asara a Fagge

## Shagon da mai shi

Shagon yana Fagge, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga Kantin Kwari. Mai shi tela ne da ya haura shekara ashirin a kan keke, kuma ɗinkin maza kawai yake yi: kaftani, jamfa da wando, babbar riga, sai 'yar shara idan zafi ya shigo. Mun yi da shi ba zan kama sunansa ba, don haka zan riƙa ce masa Maigida kamar yadda yaran shagon suke kiransa. Kekuna 5 ne a shagon, da injin aikin kwamfuta guda 1, mai zana ado da zare a jikin riga, da ya saya a ƙarshen 2022. Ni maƙwabcinsa ne a unguwa, kuma duk ranar Asabar nakan zauna in daidaita masa littafin shiga da fita. Abin da zan kawo a nan daga littafin nan yake, da abin da na gani da idona.

Kafin matsalar ta taso, aikin shagon irin wanda kowa ya sani ne. Mutum zai yanko yadinsa a Kwari, yadi 4 ko 5 in kaftani ne, 10 in har da babbar riga. A ɗora masa tef a auna tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, ƙugu, cinya da tsawon wando, a rubuta da inci a littafin awo. Wanda ba shi da lokacin zuwa sai ya aiko da tsohuwar rigarsa a yanka a kanta. Ya nuna aikin wuyan da yake so, ya ba da kafin alƙalami, a sa masa rana. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa buƙatar wata kalma da za ta bayyana cewa kayan don mutumin aka yi ba. Da ya ce "a ɗinka min", magana ta ƙare.

## Janairu zuwa Maris 2023: yadda kalmar ta shigo

Abubuwa biyu ne suka haɗu a farkon 2023. Na farko ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan canjin fasalin naira. Masu shigowa shago da kuɗi a hannu suka ragu, kekuna suka riƙa wuni a rufe. Na biyu kuma ɗan ƙanwar Maigida ya dawo daga bautar ƙasa bai samu aiki ba, sai ya riƙa zama a shagon. Yaro ne mai himma da riƙon amana. Shi ya buɗe wa shagon shafin Instagram, ya sa lambar WhatsApp, ya fara ɗaukar hoton kaya a jikin farin bango.

Shi ne kuma ya kawo shawarar a daina barin kekuna a zaune. A sayo yadi a ɗinka kaftani a ajiye, girma uku, M da L da XL, duk wanda ya so sai a zana masa harufan sunansa da injin kwamfuta a kan aljihu ko a bakin hannu. Maigida ya yarda, domin albashin yara ba ya jiran kasuwa ta buɗe.

A ƙarƙashin kowane hoto yaron ya rubuta kalmar Turanci guda ɗaya, customized. Ya rubuta ta a ƙarƙashin ɗinkakkun da ake sa wa suna, ya rubuta ta a ƙarƙashin kayan da aka ɗinka wa mutane bisa awonsu, ya rubuta ta a ƙarƙashin wata babbar riga mai sabon aikin wuya da Maigida ya zana da kansa. Da Maigida ya tambaye shi ma'anarta, ya ce, "Kawu, tana nufin kayan da aka yi wa mutum daidai da son ransa. Haka manyan shaguna suke rubutawa."

Aka ɗauki azumi ranar 23 ga Maris. Saƙonni suka fara shigowa daga Abuja, Kaduna, Legas, har Fatakwal, mafi yawa daga mutanen da ba su taɓa taka ƙafa a shagon ba. Suna turo kuɗi ta banki, ana kai kayansu tasha a ba direba.

## Afrilu 2023: kaya sun dawo

An yi Ƙaramar Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Daga jajibiri zuwa ƙarshen mako na gaba, littafin ya nuna kaya 9 da aka yi rigima a kansu. Babu ko ɗaya da aka ce ɗinkinsa ya lalace. Koke-koken iri uku ne.

Wasu sun ɗauka bisa awonsu za a ɗinka. Wani ma'aikacin banki a Abuja ya turo awonsa tun a saƙon farko ba tare da an tambaye shi ba. Yaron ya duba ya ga ya fi kusa da L, ya ɗauko L ya sa masa suna ya aika. Hannun ya fi nasa tsawo da inci 2, kafaɗar ta zubo. Da ya kira, abin da ya fara faɗa shi ne, "Ai cewa kuka yi nawa ne. Wannan kuwa na kowa ne, sunana kawai kuka manna."

Wasu kuma akasin haka. Suna kawai suke so a sa musu a ɗinkakke su karɓa da wuri, amma sai aka nemi awonsu, aka faɗa musu kuɗin ɗinkin awo, aka sa musu mako uku. Suka ga an ninka musu kuɗi a kan abin da ba su nema ba.

Kashi na uku mutum ɗaya ne, amma shi ya fi ɗaga wa Maigida hankali, domin tsohon abokin ciniki ne. Ya sayi babbar rigar nan mai sabon aiki yana ganin shi kaɗai zai fita da ita. A filin Idi ya haɗu da mutum biyu sanye da irin aikin. Bai nemi kuɗinsa ba. Ya zo ya ce, "Malam, da ka gaya min na gayya ne da ban biya haka ba," ya tafi, kuma bai kawo ɗinkin Babbar Sallah ba.

Asarar ta yi nauyi saboda dalili ɗaya da duk tela ya sani. Rigar da aka sa wa suna ba ta sayuwa ga wani, kuma in aka warware aikin kwamfuta a jikin shadda, sawun allura yana nan ba ya ɓacewa. Riguna 4 daga cikin 9 ɗin a jikin yaran shago suka ƙare.

## Mayu zuwa Yuni 2023: an musanya Turanci da Turanci

Yaron ya karɓi laifi, ya ce kalmar ce ta yi faɗi. Ya duba ƙamus ya raba aikin gida uku. Wanda za a sa wa suna ya kira shi personalized, wanda za a ɗinka bisa awo ya kira shi bespoke, ya bar customized ga wanda mai saye zai zaɓi launi da aikin wuya.

Abin ya tsaru a takarda, amma a waya bai tsaru ba. Tambayoyi suka ninka. Fiye da mutum ɗaya ya tambayi nawa ake sayar da yadin bespoke, a zatonsa sunan wata shadda ce kamar Getzner. Yaran shago ba su riƙe bambancin ba, in ɗan ƙanwar ya fita sallah aka kira waya sai su ce a sake kira. Maigida kansa bai taɓa furta ko ɗaya daga cikin kalmomin uku ba. Ga shi an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na janareta suka tashi, duk kayan da ya dawo sai an biya masa mota sau uku: zuwa, dawowa, da sake aikawa.

An yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni. Kaya 5 aka yi rigima a kansu, duk a kan abin da mai saye ya zata za a yi masa.

## Yuli 2023: zama da malamin Turanci

Cikin masu kawo ɗinki akwai wani dattijo da ya daɗe yana koyar da Turanci a makarantar sakandare. Wata Asabar ya zo karɓar kayansa ya tarar ana maganar, sai ya ja benci ya zauna. Na rubuta abin da ya faɗa a bayan littafin, daga baya kuma na bi na tabbatar.

Ya fara da kalmar da muka riga muka mallaka. Tela daga tailor ta zo, ita kuma Turanci daga Faransanci ya aro ta, daga kalmar da ke nufin yankawa. Wato a asali tela mai yanka ne kafin ya zama mai ɗinki. Daga nan Turawa suka samo tailored da tailor-made, waɗanda yanzu suke faɗa ko a kan darasi ko tsarin biyan bashi, duk abin da aka yanka daidai da mutum.

Bespoke kuwa daga tsohuwar kalmar bespeak take, wato ka yi magana a kan abu tun kafin a yi shi, kamar yadda mutum yake kama yadi a Kwari ya ce a ajiye masa. A titin Savile Row na Landan, inda telolin kwat suka shahara, ba sa kiran kwat bespoke sai an yanka wa mutumin takardar fasalinsa sabuwa fil, an kira shi gwaji sau da yawa kafin a gama. In kuwa fasalin da ake da shi aka ɗauko aka rage nan aka ƙara can, sunansa made-to-measure, kuma bai kai wancan daraja ba. Malam ya ce ko su masu harshen ba su gama daidaitawa ba. A 2008 an kai ƙarar wani kamfanin kwat gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya saboda ya kira kayansa bespoke alhali ba a yi su irin na Savile Row ba, hukumar kuma ba ta kama shi da laifi ba.

Customized, in ji shi, 'yar gida ɗaya ce da customer, wadda muka mayar kwastoma. Tana nufin an canza wani abu a jikin kaya bisa zaɓin mai saye, ko babba ko ƙarami, shi ya sa take ɗaukar komai. Personalized ta fi karkata ga sa suna ko wata alama ta mutum, amma a harkar intanet tana da wata ma'anar daban: yadda Facebook da YouTube suke zaɓo maka abin da za ka gani bisa abin da ka saba kallo, ba tare da ka nema ba. Individualized kuma a bakin malamai da likitoci aka fi jin ta, in ana maganar koyar da ɗalibi ko ba majinyaci magani gwargwadon halinsa.

Da ya gama ya dubi Maigida ya ce, "Malam, kai da kake ɗora alli a kan yadin kowane mutum da awonsa, abin da suke biyan maƙudan kuɗi a Landan a yi musu shi kake yi tun kana yaro." Aka yi dariya aka tashi. Shawarar da aka ɗauka a ranar ita ce a bar Turanci a nemo kalmar Hausa.

## Agusta zuwa Disamba 2023: neman kalmar Hausa guda ɗaya

An fara da "na musamman". Mako shida aka yi da ita. Wasu suka fahimce ta da ɗinkin gaggawa, suna turo yadi ranar Laraba suna jiran kaya ranar Juma'a. Wasu suka ɗauka tana nufin yadi mai tsada ko zare mai kyau. Ba wanda ya ji awo a cikinta.

Sai aka koma "keɓantacce", da nufin duk abin da aka ɗinka bisa awon mutum. A watan Disamba, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, wani ango ya ba da babbar riga a ƙarƙashin wannan suna. An ɗinka ta daidai jikinsa, ba inda ta kama ko ta zubo. Amma aikin wuyan yana cikin injin, kuma a makon an buga shi a rigar wani, wanda Allah ya sa yana cikin mahalarta ɗaurin auren. Bayan biki angon ya zo da yayansa. Yayan ya ce, "Maigida, in an ce an keɓe wa mutum abu, ai an hana wa wani ke nan. Ko ba Hausa muke ji ba?" Maigida bai yi musu ba, ya mayar da kuɗin aikin wuyan.

A ƙarshen shekara yaron ya ce a cire duk wani bayani a bar hoto da farashi kawai. An gwada na mako biyu. Kowane ciniki sai ya ci doguwar waya, kuma abin da aka yi alkawari a baki ba ya isa kan teburin yanka yadda aka faɗe shi.

## Janairu zuwa Fabrairu 2024: sauraro

Babban yaron shago, wanda yake yanka in Maigida ba ya nan, shi ya kawo abin da ya juya lamarin. Bai yi boko mai nisa ba, kuma duk watannin nan bai sa baki ba. Wani dare ana rufe shago ya ce, "Maigida, su fa masu kiran nan ba sa faɗar kalmomin da muke rubutawa. Ga muryoyinsu nan cike da waya. Me zai hana a saurari yadda su suke cewa?"

Dare uku muka yi muna sauraron tsofaffin saƙonnin murya, ina rubuta jimlar da kowa ya fara buƙatarsa da ita. Jimlolin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. "Akwai wanda aka gama in ɗauka?" "A rage min hannu." "A sa min suna." "Ga awona, a ɗinka min." "Kada a yi wa kowa irinsa." Babu wanda ya kira sunan wani nau'in kaya. Kowa aikin da yake so a yi ya faɗa, galibi ya liƙa masa "min".

Daga nan aka ɗauko sunayen. Wanda aka riga aka ɗinka ya zama "ɗinkakke, ɗauki ka sa", ana iya musanya shi in bai yi ba. In za a taɓa shi, ya zama "ɗinkakke da gyara", kuma an iyakance gyaran ga tsawo da hannu da ƙafar wando, bai wuce inci 2 ba, domin kafaɗa da wuya ba sa gyaruwa da kyau. "A sa min suna" aka cire shi daga jerin kaya gaba ɗaya, ya zama ƙari da ake ɗorawa a kan kowanne, da sharaɗin cewa abin da aka sa wa suna ba ya dawowa. Ɗinkin da aka saba yi tun fil azal aka kira shi "ɗinkin awonka". Sai na ƙarshe, "aikinka kai kaɗai", wanda Maigida zai zana sabon aikin wuya ya yi alkawarin ba zai buga wa kowa shi ba har Sallah biyu su wuce, kuma kuɗin zanen daban yake.

An ƙara abu biyu. Kafin almakashi ya taɓa yadi, sai an tura wa mai kaya saƙon murya ana maimaita masa abin da ya nema da abin da ba ya ciki, misali, "Alhaji, ɗinkin awonka ne, amma aikin wuyan na kowa ne, za ka iya ganinsa a jikin wani," kuma sai ya amsa. Sannan a maƙala wa yadin ƙaramin kati da sunan aikin da Hausa, yadda duk yaron da ya ɗauka zai gane. An bar layi ɗaya na Turanci a ƙasan kowane hoto saboda masu saye da ba sa jin Hausa, amma cikakkiyar jimla ce mai faɗar abin da za a yi, ba kalma ɗaya ba.

## Maris zuwa Yuni 2024: sakamako

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Kaya 2 suka dawo. Dukansu ɗinkin awo ne, kuma dukansu masu su ne suka auna kansu a gida suka turo lambobin da ba daidai ba. Babu wanda ya ce an yi masa abin da bai nema ba. Bayan haka aka daina karɓar awon da mutum ya yi wa kansa: ko ya je wurin telan da ke kusa da shi ya auna shi, ko ya aiko da rigar da take yi masa daidai.

A Babbar Sallah, ranar 16 ga Yuni, ba a rubuta rigima ko ɗaya ba. Masu neman "aikinka kai kaɗai" ba su da yawa, galibi angwaye ne. Ɗinkakku kuwa sun fi tafiya yanzu da ake kiransu da sunansu.

## Abin da nake gani

Na daɗe ina ɗora laifin a kan Turanci, amma littafin bai goyi bayana ba. "Na musamman" da "keɓantacce" Hausa ce tsantsa, kuma sun jawo rigima kamar yadda customized ta jawo. Ciwonsu ɗaya ne: kowace tana yi wa mai saye alkawarin cewa kayan nasa ne, ba ta faɗa masa ta wace fuska ba. Ta jikinsa ne, ko ta sunansa, ko ta zaɓinsa, ko ta hana wa wani? Waɗannan ayyuka huɗu ne mabambanta a kan tebur, kowanne da lokacinsa da kuɗinsa, kuma mai saye yakan cike gurbin da wanda ya fi so a ransa.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma malamin Turanci ya taɓo shi ba mu lura ba. Turawa sun tara waɗannan kalmomi ne saboda a wurinsu kayan kanti su ne na yau da kullum, ɗinki bisa awo shi ne baƙon abu da sai an yi masa suna. A Kano abin a juye yake. Duk wanda ya ji tela ya ce zai yi masa kaftani, ya riga ya ɗauka awonsa za a bi. Sabon abu a shagon shi ne ɗinkakken L da XL, kuma shi ne ya kamata a kira da sunansa tun ranar farko. Maimakon haka aka lulluɓe shi da kalmar da ta sa ya yi kama da ɗinkin da mutane suka sani. Ba na jin yaron ya yi haka da niyyar ruɗi, na san shi. Amma ma'aikacin bankin nan yana da gaskiya.

Ba zan iya raba wa sunayen da saƙon muryar ladansu dalla-dalla ba, tunda rana ɗaya aka fara su. Zatona saƙon ya fi aiki, musamman rabinsa na biyu da yake faɗar abin da ba ya cikin ciniki. Sunayen kuma su suka sa saƙon ya yi gajarta har ƙaramin yaron shago yake iya tura shi.

Abu ɗaya bai warwaru ba. Alkawarin "kai kaɗai" a ƙofar shagon ya tsaya. Da ango ya sa hoton bikinsa a intanet, cikin mako guda wani tela zai iya kwafe aikin wuyan, kuma Maigida ba shi da ikon hanawa. Yanzu yana faɗa wa kowa haka kafin ya karɓi kuɗin zane, wasu su fasa, wasu su biya. Tsohon abokin cinikin nan na filin Idi ya dawo a watan Agustan 2024 da shadda yadi 10. Da aka karanta masa sunayen, ya zaɓi ɗinkin awonsa da aikin wuya na kowa.